Gary Kildall: Malamin da ya haɗa kwamfuta da faifai, wasu suka kwashi ribar

Duk wanda ya taɓa ɗaukar takardar neman aiki ko ta neman gurbin karatu a cikin filash, ya nufi shagon buga takardu a Tasawa, ko Mayahi, ko wani gari irinsu a jihar Maradi, ya san wannan faɗuwar gaban. Za a soka filash ɗin, wanda a Nijar aka fi kira kile, a jikin wata tsohuwar kwamfuta ƴar gwanjo mai Windows XP ko Windows 7. Wani lokaci ta yi ɗan kukanta ta yi shiru, babu abin da ya fito. Wani lokacin kuma ta nuna saƙo cewa sai an yi wa filash ɗin fomatin. Mai shago ya ce kayanka sun lalace, kai kuwa ka san daren jiya ka buɗe su lafiya lau a kwamfutar da yayanka ya aiko daga Aljeriya.

Sau da yawa filash ɗin ba shi da laifi, kwamfutar ma haka. Matsalar tana tsakaninsu ne: babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta girmi ma'adanar da aka soka mata, ba ta jin yarenta.

Wannan matsala ta girmi filash nesa ba kusa ba. A 1974, a wani ƙaramin gari na bakin teku mai suna Pacific Grove a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani malamin makaranta ya zauna da ƙaramar kwamfuta a gefe guda, da na'urar karanta faifai a ɗaya gefen, sun ƙi jin maganar juna. Dabarar da ya ɓullo da ita don sasanta su ita ce ta share hanyar kasuwar ƙananan kwamfutoci, kuma har yau ana tafiya a kan sawunta. Sunansa Gary Kildall. Ya mutu a 1994 yana da shekara 52. Idan ka tambayi matasa goma masu gyaran kwamfuta ko sun san Bill Gates, duka za su ɗaga hannu. Ka ambaci Kildall, da wuya ka samu ɗaya.

Ɗan gidan matuƙan jirgin ruwa

An haifi Gary Arlen Kildall ranar 19 ga Mayun 1942 a birnin Seattle na jihar Washington, birnin da aka haifi Bill Gates shekara 13 bayan haka. Dangin mahaifinsa asalinsu mutanen ƙasar Norway ne, kuma teku ce sana'arsu. Suna da makarantar koyar da tuƙin jiragen ruwa, mahaifinsa Joseph kuma kyaftin ne.

Gary bai bi teku ba. Ya shiga Jami'ar Washington da burin zama malamin lissafi, amma a can ya haɗu da kwamfuta, ta ɗauke masa hankali. Ya kammala digirin farko a fannin lissafi a 1967, ya yi na biyu a kimiyyar kwamfuta a 1968. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Vietnam, ana kiran matasa aikin soja na dole. Shi nasa rabon ya faɗa a aji: rundunar sojan ruwa ta tura shi koyarwa a babbar makarantarta ta hafsoshi da ke garin Monterey. A 1972 ya samu digirin digirgir. Binciken da ya yi ya shafi yadda manhajar da ke fassara rubutun masu gina manhaja zuwa yaren na'ura za ta rage aikin banza, kuma har yau ana koyar da hanyar tasa a jami'o'i, da sunansa a jikinta. Da a nan ya tsaya, da ya ƙare rayuwarsa a matsayin malamin jami'a mai daraja, wanda ƴan fanninsa kaɗai suka sani.

Sai dai a 1971 kamfanin Intel ya fito da masarrafa ƴar mitsitsiya mai lamba 4004, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta sukutum a kan ɗan abin da bai kai ɗan yatsa ba. Manyan masana da yawa sun ɗauke ta kayan wasan yara, domin a zamanin kwamfuta ɗaya tana cin ɗaki guda. Kildall ya sayi ɗaya, ya shiga gwaje-gwaje, daga nan ya fara yi wa Intel aiki a ranakun da ba ya koyarwa. A 1973 ya rubuta musu PL/M, yaren gina manhaja na farko mai sauƙin karantawa da aka yi domin irin waɗannan ƙananan masarrafai. Intel kuma ta ba shi aron na'urorinta masu masarrafa 8008, daga baya 8080, ya kai su makarantar da yake koyarwa.

Na'urar da ta daɗe a ajiye

A nan ne ya yi karo da matsalar ma'adana. Ƙananan kwamfutocin lokacin ba su da wurin adana bayanai na kirki. Ana amfani da dogon zaren takarda mai huji-huji, ana zura shi a wata na'urar buga rubutu da ke karanta harafi goma a cikin daƙiƙa. Ka loda manhaja, ka tafi ka sha shayi ka dawo, ba ta gama ba. Idan takardar ta yage, ka koma farko.

A gefe guda kuma, kamfanin IBM ya riga ya ƙirƙiro faifan fulofi a 1971. Faifai ne mai laushi, faɗinsa inci 8, wanda ba da daɗewa ba ya kai ga ɗaukar kusan kilobayit 250. Hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka yau ya ninka wannan sau da yawa, amma a lokacin rumbu ne. Alan Shugart, wanda ya jagoranci sashen da ya yi aikin a IBM, ya fita ya kafa kamfaninsa a 1973, kuma daga wannan kamfani Kildall ya samu kyautar wata na'urar karanta faifai da aka riga aka gajiyar wajen gwaji.

Na'ura ta zo hannu, amma babu abin da zai haɗa ta da kwamfutar. Babu allon lantarkin da zai sarrafa ta, babu manhajar da ta san yadda za a nemi fayil a kan faifan, a rubuta, a goge, a san inda aka bar gurbi. Kildall gwanin manhaja ne, ba gwanin waya da dalma ba. Ya gwada haɗa allon da kansa bai yi nasara ba, na'urar ta daɗe tana shan ƙura. Maimakon ya haƙura, sai ya rubuta manhajar da za ta sarrafa faifan tun kafin a samu allon, yana gwada ta a kan babbar kwamfuta da ke kwaikwayon ƙaramar. A 1974 abokinsa John Torode, wanda suka san juna tun Jami'ar Washington, ya haɗa masa allon. Suka jona, suka loda manhajar, ta tashi.

Wannan manhaja ita ce CP/M, wadda sunanta ke nufin manhajar sarrafa ƙananan kwamfutoci. Ya kai wa Intel, suka nuna ba su da sha'awa. Sun karɓi PL/M, suka bar masa CP/M ya yi yadda ya ga dama da ita.

Tafinta a tsakiya

Abin da ya fi muhimmanci a tarihin Kildall ya zo ne a shekarar da ta biyo baya, kuma shi ne ya kamata duk mai gyaran kwamfuta ya fahimta.

Kamfanoni sun fara ƙera ƙananan kwamfutoci barkatai, kowa da irin allonsa, kowa da irin na'urar faifansa. Duk wanda ya zo neman CP/M, sai Kildall ya zauna ya sake gyara masa manhajar ta dace da kayansa. Aiki ne mai cin rai, kuma ba shi da ƙarshe. A 1975, lokacin da yake aiki da Glenn Ewing wanda ke wakiltar kamfanin IMSAI, aka tsayar da shawara: a tsame duk ɓangarorin da suka shafi gangar jikin na'ura, wato yadda ake karɓar harafi daga allon rubutu, yadda ake nuna shi, yadda ake juya faifai a karanta wani yanki nasa, a tara su wuri ɗaya a wani ɗan ƙaramin sashe. Sauran manhajar kuma a bar ta yadda take, kada a sake taɓa ta. Wannan ɗan sashe shi Kildall ya raɗa wa suna BIOS.

A kwatanta da kasuwar dabbobi, inda Bahaushe ke ciniki da Ba'abzine yau, gobe da Bafulatani, jibi da Babarbare. Ba sai ɗan kasuwa ya koyi yare huɗu ba, kuma ba sai ya sauya yadda yake lissafinsa ba. Tafinta kawai ake sauyawa. Haka CP/M ta koma: mai ƙera kwamfuta ya rubuta nasa tafintan, ya jona, shi ke nan. Mai rubuta manhajar buga takardu ko ta lissafin kuɗi kuwa, sau ɗaya zai rubuta, ta yi aiki a kwamfutocin kamfanoni daban-daban.

Ba Kildall ne ya fara tunanin raba manhaja da na'ura ba, domin manyan kwamfutoci sun riga sun san wani abu makamancin haka. Shi ma ya ari wasu abubuwa daga tsarin kamfanonin DEC da IBM da ya yi aiki da su. Abin da ya yi shi ne ya sauko da dabarar ƙasa, ya matse ta ta shiga na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce ƴan kilobayit ba, a daidai lokacin da kasuwa ke buƙatarta.

Yanzu a dawo kan filash da tsohuwar Windows, a ga yadda wannan tsari ke bayyana abin da ke faruwa.

Abu na farko shi ne tafinta, wanda yau ake kira direba. An fito da tsarin USB a 1996, filash kuma ya shiga kasuwa a shekarar 2000, na farko-farkon suna ɗaukar megabayit 8 kacal. Windows 98 ta riga su zuwa, don haka ba ta da direban ma'adanar USB na bai-ɗaya. Kowane filash sai an loda masa nasa, shi ya sa a da ake sayar da shi da ɗan ƙaramin faifan CD. Daga Windows Me da Windows 2000 ne aka saka direba ɗaya da ke yi wa kusan kowane filash aiki. Tarihi ya maimaita kansa a Windows 7, wadda ba ta zo da direban USB 3.0 ba. Saboda haka a kwamfutar da aka sauke wa Windows 7 ba tare da direbobinta ba, kafar nan mai shuɗin ciki na iya ƙin aiki, alhali mai baƙin cikin da ke gefenta tana yi. Kafin a yanke wa filash hukunci, a fara sauya kafa.

Abu na biyu ya fi yaudara, domin tafinta yana nan, amma rubutun da ke kan ma'adanar ne baƙo. Kowace ma'adana tana da tsarin da ake jera fayiloli a kanta. Tsohon tsarin da kowa ya sani shi ne FAT32, wanda ya fito a 1996. A 2006 Microsoft ta fito da exFAT, kuma manyan filash da katunan waya da suka haura gigabayit 32 galibi da shi suke zuwa. Windows XP ta 2001 ce, ba ta san shi ba sai an ƙara mata wani gyara da aka fitar a 2009. Idan babu gyaran, sai ta ɗauka filash ɗin fanko ne, ta nemi a yi masa fomatin. A nan ne mutane ke asarar takardunsu da hannunsu: da an danna amincewa, an share komai. Abin yi shi ne a cire filash ɗin, a kwashe kayan a wata sabuwar kwamfuta, sannan in ana so ya riƙa shiga ko'ina a mayar da shi FAT32. Shi ma yana da nasa aibin, ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, abin da masu tura finafinai suka sani sarai. Ga mai yawo da takardu kawai, ƙaramin filash mai FAT32 ya fi babba amfani.

Na uku shi ne harafi. CP/M ce ta yaɗa al'adar kiran ma'adana da harafi a ƙananan kwamfutoci: A: ga na'urar fulofi ta farko, B: ga ta biyu. Da babban faifan ciki ya zo sai ya samu C:, shi ya sa har gobe Windows ke zaune a C: ko da yake fulofi ya ɓace, filash kuma yake fitowa a D: ko E: ko F:. Wani lokaci tsohuwar Windows tana ganin filash ɗin, amma ba ta ba shi harafi ba, ko ta ba shi wanda wani abu ya riga ya riƙe. A shiga sashen kula da faifai a sauya masa harafi, sai ga shi ya bayyana.

Gaskiya ɗaya da masu yabon Kildall kan tsallake: CP/M ta warware matsalar tafinta, amma ba ta warware ta tsarin rubutu ba. Da ƙananan fulofi masu inci 5 da kwata suka fito, kowane kamfani ya tsara nasa yadda ya so. Faifan kwamfutar Osborne ba lallai ya buɗe a Kaypro ba, alhali duka biyun CP/M suke amfani da ita.

Kamfani a cikin gida

Kildall da matarsa Dorothy McEwen sun kafa kamfani, suka fara sa masa suna na barkwanci, Intergalactic Digital Research, daga baya suka rage shi ya koma Digital Research. Ita ke riƙe da harkar kasuwanci da kwangiloli, shi yana rubuta manhaja. Sun fara da talla a mujallar masu sha'awar kwamfuta, suna aika faifai ta gidan waya kan kimanin dala 70. A 1977 IMSAI ta sayi lasisi kan dala 25,000, wasu kamfanoni suka biyo baya. Fitattun manhajoji irin su WordStar ta buga takardu da dBase ta adana bayanai duk a kan CP/M suka yi suna. Zuwa 1981 tana aiki a kan nau'o'in kwamfuta kusan 3,000, kamfanin kuma yana samun sama da dala miliyan 5 a shekara.

A lokacin Microsoft ƙaramin kamfani ne da ya shahara da yarukan gina manhaja, musamman BASIC. Babu gaba tsakaninsu. Hasali ma Microsoft tana cikin manyan dillalan CP/M, domin a 1980 ta fito da wani kati da ake sakawa a kwamfutar Apple II don ta iya ɗaukar manhajar Kildall.

Ranar da IBM ta zo

A 1980 IBM, giwar kamfanonin kwamfuta a duniya, ta yanke shawarar shiga kasuwar ƙananan kwamfutoci cikin gaggawa kuma a asirce. Wakilanta ƙarƙashin Jack Sams suka je wurin Bill Gates neman yaruka da babbar manhaja. Gates ya shaida musu cewa babbar manhajar ba tasa ba ce, ya tura su wurin Kildall.

Labarin da ya fi yawo shi ne wai IBM ta zo da arziki har ƙofar gida, Kildall kuma ya tafi shawagi da jirginsa don nishaɗi. An maimaita shi a littattafai da azuzuwan koyar da kasuwanci har ya zama kamar karin magana. Amma abokin aikinsa Tom Rolander, wanda suke tare a jirgin ranar, ya bayyana cewa tafiyar aiki ce, sun kai wa wani abokin ciniki manhaja ne a yankin Oakland. Kildall matuƙin jirgi ne, da jirginsa yake zirga-zirgar kasuwanci. Ganawa da kamfanoni kan lasisi kuwa dama aikin Dorothy ne.

Abin da ya faru a ofis shi ne, wakilan IBM sun ajiye wata takardar rufe sirri, wadda ta ɗaure Digital Research ta bar IBM a sake. Dorothy, bisa shawarar lauyan kamfanin, ta ƙi sa hannu nan take. Daga nan ruwayoyi suka rabu. Kildall da Rolander sun ce sun dawo da rana sun gana da baƙin, Sams kuma ya ce bai tuna ya gana da shi ba. Ana kuma cewa akwai saɓani na gaske: IBM ta fi son biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya, Digital Research kuma ta saba karɓar kaso kan kowane kwafi. Ga kuma babbar matsala, IBM za ta yi amfani da sabuwar masarrafar Intel mai bit 16, alhali CP/M-86 da za ta dace da ita ba ta kammala ba. A ganina wannan jinkiri ya fi tafiyar jirgi illa, kuma a nan laifin na Kildall ne. Mutum ne mai son sabon abu, hankalinsa ya tafi wasu ayyukan, ya bar kasuwa tana jira.

Wani ya gaji da jiran. Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta tasa babbar manhajar mai suna QDOS, daga baya 86-DOS, ya tsara ta yadda manhajojin CP/M za su koma kanta cikin sauƙi, domin ta kwaikwayi yadda CP/M ke karɓar umarni daga manhajoji. Microsoft ta karɓi lasisinta, sannan a Yulin 1981 ta saye ta ɗungurungum kan dala 50,000. Ita ce ta zama PC DOS a hannun IBM, ta zama MS-DOS a hannun Microsoft. Gates ya yi wayon da ya mayar da shi attajiri: bai sayar wa IBM manhajar ba, ya riƙe ƴancin sayar da ita ga duk wanda ya ƙera kwamfuta irin ta IBM.

Shin sata aka yi? Kildall ya mutu yana ganin an kwafi aikinsa. Paterson ya dage cewa bai taɓa ganin ainihin rubutun CP/M ba, littafin bayaninta kawai ya bi, kuma tsarin jera fayilolinsa daban ne, wato FAT, kakan FAT32 da ke kan filash ɗinmu. Wani bincike da injiniya Bob Zeidman ya wallafa a 2012 bai gano rubutun da aka kwafa ba. Adalcin magana shi ne an ɗauki fasalin ginin, ba a ɗauki tubalin ba, kuma dokar lokacin ba ta fayyace hukuncin hakan ba.

Dala 40 da dala 240

Da Kildall ya ga abin da ake shirin fitarwa, ya tunkari IBM. Aka yi sulhu: ba zai kai ƙara ba, IBM kuma za ta sayar da CP/M-86 tare da PC DOS, mai saye ya zaɓa. Kwamfutar IBM ta fito ranar 12 ga Agustan 1981. PC DOS tana nan a kan dala 40. CP/M-86 ta iso bayan watanni, a kan dala 240. Babu mai hankalin da zai biya ninki shida don abin da a idonsa kusan iri ɗaya ne. Cikin ƴan shekaru kasuwa ta juya baki ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka bai nade hannu ba. Tun 1979 kamfaninsa ya fitar da MP/M, wadda ke barin mutane da yawa su yi aiki a kwamfuta ɗaya, sannan aka yi Concurrent CP/M mai gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda. A 1985 suka fito da GEM, fuskar kwamfuta mai hotuna da linzami, wadda kwamfutocin Atari ST suka ɗauka, ko da yake Apple ta matsa musu lamba suka rage mata wasu siffofi. A shekarar ce kuma wani kamfanin da ya kafa ya zuba kundin ilimi na Grolier gaba ɗaya a faifan CD guda, a lokacin da mutane suka san CD da kiɗa kawai. Mai karatu zai lura cewa ya sake komawa kan tsohuwar sha'awarsa, wato sabuwar ma'adana da yadda kwamfuta za ta yi magana da ita. Daga 1983 zuwa 1990 kuma yana cikin masu gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles tare da Stewart Cheifet, inda yake nuna kayan abokan hamayyarsa ba tare da ƙyashi ba.

A 1988 Digital Research ta dawo fagen da DR DOS, wadda ke gudanar da manhajojin MS-DOS, kuma nau'o'inta na 5 da na 6 sun samu yabo sosai. A nan aka ga wani salon rashin jituwa, wanda ba tsufa ya kawo shi ba, da gangan aka dasa shi. A nau'in gwaji na Windows 3.1 an ɓoye wani rubutu da ke duba ko kwamfuta na amfani da DR DOS, in haka ne sai ya nuna saƙon matsala mai tsoratarwa. An kashe shi kafin a fitar da Windows ɗin kasuwa, amma ya zama hujja a kotu daga baya.

Ƙarshensa

A 1991 ya sayar da Digital Research ga kamfanin Novell. Ya samu dukiya mai yawa, ya koma kusa da birnin Austin na jihar Texas, yana da jirage da motocin tsere da gida a bakin tafki, yana kuma taimaka wa yara masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Ba talaka ya mutu ba, kuma masu ba da labarinsa kamar na wanda ya tsiyace suna ƙari.

Abin da ya ci shi a rai daban ne. Duk inda ya shiga, tambayar farko ita ce ta ranar da IBM ta zo. Aurensa da Dorothy, uwar ƴaƴansa biyu Scott da Kristin, ya mutu tun 1983. A 1992 Jami'ar Washington ta yi bikin cika shekara 25 da kafa sashen kimiyyar kwamfuta. Aka gayyace shi a matsayin ɗan kallo, shi da ya yi digiri uku a can, aka ba Bill Gates, wanda bai yi karatu a jami'ar ba kuma bai kammala Harvard ba, babban jawabin taro. Abin ya yi masa ciwo, har ya sa ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa. A shekarun nan kuma shan giya ya yi masa yawa.

Ranar 8 ga Yulin 1994 ya samu rauni a ka a wata mashaya da ke Monterey. Wasu sun ce faɗuwa ya yi, wasu sun ce faɗa aka yi, ƴan sanda sun bincika ba a gurfanar da kowa ba. Ya mutu ranar 11 ga watan, aka binne shi a Seattle. A Maris ɗin 1995 ƙungiyar kamfanonin manhaja ta Amurka ta karrama shi bayan mutuwa.

Shari'ar da bai yi ba, wasu suka yi ta. Kamfanin Caldera ya sayi DR DOS a 1996, ya maka Microsoft a kotu kan zargin danne abokan hamayya. A farkon shekarar 2000 aka sasanta a wajen kotu, daga baya takardu suka nuna Microsoft ta biya dala miliyan 280.

Ranar 8 ga Afrilun 2014 Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP. Ranar 25 ga watan, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa allon tunawa a gaban gida mai lamba 801 a titin Lighthouse da ke Pacific Grove, tsohon ofishin Digital Research, don girmama CP/M da BIOS. A 2016 ƴaƴansa suka ba gidan tarihin kwamfuta da ke Kalifoniya izinin wallafa kashin farko na littafin da ya rubuta, mai suna Computer Connections, wanda kafin mutuwarsa ƴan uwa da abokai kaɗai ya raba wa. Sauran babukan, waɗanda ya rubuta a shekarun da giya ta fi ƙarfinsa, sun riƙe su a gida.